Ɗan Katako Cikin Mayafin Lamria

Medan, watan Afirilu, 1956

Zuwa ga Lae na mai daraja, yayan matata, Marihot Sinaga, Baban Tumpal, a Lontung.

Horas, Lae. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa irin wadda ta dace da gidan da ya ba ni mata, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mahaifinka Amang da mahaifiyarka Inang da dukan masu cin tukunya ɗaya da ku. Ka gaishe mini da ƙanwarka, ka tambaye ta yaya nauyin jiki.

Abin da nake so ka fara lura da shi shi ne hannun da ke kan takardar nan. Nawa ne. Ban je wurin mai rubutun bakin gidan waya ba, ban roƙi ɗan kowa ba. Na kammala ajin manya, har malaminmu ya ɗaga takardata a gaban jama'a ya ce a dubi yadda ake tsayar da harafi. Ina roƙonka ka karanta wa Amang a hankali, domin ya san 'yarsa ba jahili take aure ba.

Albarkacin wannan ilimi, Tuan Kusnadi, shugaban gidan tarihin da nake wa aiki, ya karɓe tsintsiya daga hannuna ya ba ni riga mai maɓallan ƙarfe. Yanzu ni ne mai kula da ɗakin kayan mutanenmu. A ciki akwai tukwanen ƙasa irin waɗanda Inang ke dafa kifi, da tulunan da kakanni ke ɓoye magani, da tsofaffin ulos, mayafanmu na saƙar hannu, a shimfiɗe ƙarƙashin gilashi. Mutanen Jawa, wani lokaci har da Turawa, sukan tsaya gaban kaskon da a gida kaji ke shan ruwa a ciki, suna gyaɗa kai. Da farko abin dariya yake ba ni. Daga baya na fahimci cewa abu ba ya samun darajarsa sai an ɗauke shi daga tsakar gida an ajiye shi inda masu ilimi za su dube shi.

Kwanan nan an kawo mana sigale-gale daga wani ƙauye na hayin tafki, ɗan katakon nan da ake sassaƙa wa mutumin da ya mutu bai bar ɗa namiji ba, domin ya yi masa rawa ranar jana'iza. Tsayinsa ya kai kafaɗata. Sauran ma'aikata 'yan ƙabilarmu sun ƙi shiga ɗakin. Ni na fito da shi daga akwati, ni na share masa ƙura. Wannan wurin ba sai ka karanta wa Inang ba, ka san halin tsofaffi.

Daga ƙarshe, ulos ɗin da Inang ta saƙa, wanda Amang ya yafa wa ƙanwarka ranar da kuka zo mana da kifi a watan cikinta na bakwai, an manta shi a nan cikin gaggawar tafiyarku da ita gida. Yana cikin akwatina a naɗe. A kwantar da hankali.

Ina roƙon Allah ya kiyaye ku, ya sauki ƙanwarka lafiya.

Naka cikin ladabi,
Pandapotan Naibaho,
mai kula da ɗaki.

*

Lontung, watan Afirilu

Lae Baban Jira,

Horas. Muna lafiya, sai dai iska ta hana mu kifi, albasa kuma ta yi arha har mutum ya ji kunyar ɗaukarta.

Mun ga rubutu. Amang ya juya takardar sama da ƙasa ya ce harufanka kamar ɓauna a gonar shinkafa, manya-manya, ba sa sauri, amma suna isa inda za su. Yabo ne, ka karɓa, ni ɗansa bai taɓa yi mini ko rabinsa ba. Inang ta ce in tambaye ka ko ana miya da maɓallan ƙarfe. Matarka Lamria ta karɓi takardar ta sa ƙarƙashin tabarmarta, alhali ba ta iya karanta ko sunanta ba. Cikin ya yi girma. Yaron naka shuri yake kamar wanda aka yi wa ƙarya.

Maganar mayafi. Inang ta ce ka ba Gultom direba ya kawo mana a motarsa ta farko. Ta ce ba kai aka yafa wa ba, kuma ba tufafin ado ba ne. Ran Lamria da ran abin da ke cikinta ta ɗaure a zaren nan, da shi za ta lulluɓa in naƙuda ta zo, a cikinsa za a karɓi yaron. Kullum sai ta tambaye ni, "Motar ta zo?" Na gaji da cewa a'a.

Wancan wurin na ɗan katako ban karanta mata ba. Amma ni ina da tambaya. Wane marar tsoro ne ya sayar muku da shi? Ai in an gama rawar, tafki ake kai shi, ba a bari ya kwana a gari. Ka rage taɓa shi, Lae, ko da kana da ilimi.

Sai mun ga mota.
Marihot.

*

Medan, watan Mayu, 1956

Zuwa ga Lae na mai daraja, Baban Tumpal.

Horas, Lae. Bayan gaisuwa da biyayya ga Amang da Inang, da fatan alheri ga ƙanwarka, ina sanar da kai cewa takardarka ta iso, kuma na karanta ta da kaina ba tare da na tsaya a ko'ina ba, sai wuri ɗaya inda tawadarka ta zuba.

Gultom zai zo muku hannu wofi wannan karon. Ina roƙo a saurari dalili kafin a yi fushi, domin dalili ne da gidanku zai yi alfahari da shi.

Manyan baƙi sun zo mana daga Jakarta. Kafin zuwansu Tuan ya shigo ɗakina ya tsaya gaban ɗan katakon yana ta shafa haɓa. Tufafin da aka kawo shi da su asu ya gama da su, sun zama tsumma. Ulos ɗin da ke ƙarƙashin gilashi kuwa tsufa ya sa in ka buɗe su sai su kakkarye a hannunka.

Ya ce, "Naibaho, ba za mu tsayar da shi tsirara gaban baƙi ba. A kasuwa kuma sai na inji, masu launi kamar alewar yara."

Na ce, "Tuan, akwai na hannu a gidana, saƙar surukata. Babu irinsa a Medan."

Ya dube ni, irin duban da babba ke yi wa wanda ya fitar da shi kunya. Na kawo. Da hannuna na yafa masa, na ratayo shi ta kafaɗar dama, na daidaita gezar. Lae, da ka gani da ka yarda cewa Inang gwana ce. Baƙin zaren da jan bakin nan sun sa katako ya zama mutum.

Ranar taron ni na zauna bayansa na riƙe igiyoyi, domin na yi kwanaki ina koyonsu ni kaɗai. Aka sa faifan gangunanmu da algaita a garmaho. Na ɗaga masa tafuka, na sauke, na karkata masa wuya. A cikin kansa akwai rami da masassaƙin ya cusa wa gansakuka. Na riga na jiƙa ta da ruwa, saboda haka da na ja igiyar da ta dace sai hawaye suka gangaro masa. Matar wani babba ta ciro hankici. Tuan ya ambaci sunana a gaban kowa, sunana cikakke.

Da aka gama na zagayo gaba domin in rusuna wa baƙi. Akwai igiya ɗaya da ban ɗaure da kyau ba, sai hannunsa ya sauko ya kwanta a kafaɗata. Bang Ramli mai gadin ƙofa, wanda bakinsa ba ya rufuwa, ya ce, "To, ga shi yaro ya gane ubansa." Kowa ya yi dariya, har da baƙi. Tun ranar babu mai kirana Naibaho a gidan nan. Daga mai shara har magatakarda, Baban Gale suke ce mini. Da safe sukan ce, "Baban Gale, yaro ya kwana lafiya? Ya sha nono?" Ni kuma in ce yana gaishe su.

Ban hana su ba. Kai da aka kira da sunan ɗanka tun shekarar aurenka ta farko ba za ka san nauyin Baban Jira ba, sunan da ake kiran wanda har yanzu yake jiran haihuwa. Shekara da shekaru ina amsa shi a coci, a biki, a rumfar bammi, kowa yana kira yana tausaya mini. Wasa ne suke yi, na sani. Amma wasan bai yi mini ɗaci ba.

Mayafin aro ne kawai. Zan cire shi in aiko nan kusa.

Naka cikin girmamawa,
Pandapotan Naibaho,
wanda a nan ake kira Baban Gale.

*

Lontung, watan Mayu

Lae,

Horas, in akwai sauranta.

Laifina ɗaya, ban leƙa takardarka ba kafin in fara karantawa. Gultom ya miƙo mini, na ga ba ƙunshi, na ce bari mu ji uzurin mai maɓalli. Na zauna ƙarƙashin rumbu inda Inang ke saƙa, Amang yana gyaran taru. Ina karantawa ina kwaikwayon muryarka suna dariya. Sai da na kai wurin yafawa na ji ni kaɗai nake yi.

Inang ta kwance ɗamarar saƙa daga bayanta ta ajiye. Ka san ba ta kwance ta sai rana ta faɗi.

Ta ce, "Koma baya."

Na koma.

"Da hannunsa?"

"Da hannunsa, Inang. Haka ya rubuta."

"Sunan fa? Ya amsa?"

Na ce wasan ma'aikata ne, mutanen birni ba su san komai ba.

Ta ce, "Ban tambaye ka su ba. Shi na tambaya. Ya amsa?"

Na nuna mata ƙasan takardar, kamar tana iya karatu. Ta daɗe tana kallon wurin. Amang ya naɗe tarunsa ya gangara bakin ruwa, bai dawo cin abinci ba.

Lae, ajin manya ya koya maka harufa, amma ai bai goge maka abin da ka sani tun kana yawo ba wando ba. Wane gida ne ke tufatar da sigale-gale? Gidan da babu ɗa kuma an yanke ƙauna. Sai a ce masa, kai ne ɗanmu, yi wa ubanka rawa ya tafi. Kai kana da rai, matarka na da ciki, ka ɗauki mayafin da za a karɓi ɗanka a ciki ka yafa wa wannan. Ka sa shi ya yi kuka a gabanka. Aka ce maka ubansa ka ce na'am. Me ka bar wa wanda ke zuwa? Ya iso ya tarar an riga an ba wani wurinsa da rigarsa da sunan ubansa?

Ni ma ina zuwa coci, ina ma waƙa a can, ko da yake sun roƙe ni in rage. Amma ban taɓa ganin fuskar Inang haka ba.

Lamria tana rafi lokacin, ba ta ji ba. Mun ce mata ka manta ne, ta yi dariya ta ce ilimi ya cika maka kai ya ture sauran kaya. Ka cire shi yau. Ka daina amsa sunan nan.

Marihot.

*

Medan, watan Mayu, 1956

Zuwa ga Lae na, Baban Tumpal.

Horas. Bayan gaisuwa, da neman afuwar Amang da Inang idan na ɓata musu rai, ina so in amsa maganarka a tsanake, kamar yadda ya kamata tsakanin mutanen da suka iya riƙe alƙalami.

Mu masu baftisma ne. Kakanninmu sun ji tsoron itace da dutse domin ba a kawo musu haske ba. Ni na buɗe bayan abin nan na sa hannu har gwiwa. Babu komai a ciki sai igiya da ƙusar gora da kashin ɓera. Mayafi zare ne da rini. Idan zare yana iya riƙe rai, me ya sa mata ke mutuwa wajen haihuwa a lulluɓe da shi? Ban faɗi haka don raina hannun Inang ba. Na faɗa ne domin a daina tsoratar da ƙanwarka da abin da babu.

Duk da haka na yi niyyar cirewa saboda biyayya, sai na tarar ba shi yiwuwa yanzu. Baƙin sun yaba shi ƙwarai, har Tuan ya sa kafinta ya kewaye shi da gilashi ta kowane gefe, aka sa kwaɗo. Tuan ya raka su Jakarta, mabuɗin yana aljihunsa. Ba zan fasa gilashin gidan da ya ɗaukaka ni ba. Idan ya dawo zan yi masa magana.

Domin ka ga ba na ɓoye maka komai, zan faɗa maka wasu ƙananan abubuwa da jahili zai mayar manya. Gansakukar nan ba ta bushe ba har yanzu. Kowace safiya nakan tarar da danshi ƙarƙashin idanunsa, mayafin kuma ya yi duhu a ƙirji inda ruwan ke ɗiga. Dalili a fili yake, damina ce, gilashi kuma ba ya barin iska. Haka nan kansa da na bari yana duban taga, yanzu ƙofar da nake shigowa yake duba. Igiya ce ke saki a hankali. Na bayyana wa Bang Ramli wannan, ya ce, "To Baban Gale, in igiya ce, me ya sa ba ta saki wajen ƙofar da ni nake tsayawa?" Mutum ne mai son surutu. Shi ne kuma ya ce goshin abin irin nawa ne. Na duba a gilashin, inda fuskata ke haɗuwa da tasa. Akwai ɗan kama, amma duk mutanen tafki goshinmu ɗaya.

Maganar suna, na gwada. Na ce a koma kirana Naibaho. Suka ce, "Af, ka tsine wa yaron ne? Me ya yi maka?" Sai na ga jayayya tana ƙara musu daɗi, na ƙyale.

Abu ɗaya zan faɗa maka kai kaɗai. Idan baƙi suka watse da la'asar, nakan ja kujera in zauna gabansa kafin in kulle ɗaki. Ba wani abu nake yi ba. Ina tunanin mutumin da aka sassaƙa shi dominsa, wanda babu mai sanin sunansa a nan, da yadda danginsa suka sa shi rawa sannan suka sayar. Ina ganin ba a kyauta masa ba. Wani lokaci nakan ba shi labarin yadda yini ya kasance.

A gaishe da ƙanwarka. A ce mata na sayi ƙaramar hula.

Naka har kullum,
Pandapotan Naibaho.

*

Lontung, watan Yuni

Lae,

Gaisuwa. Lamria ta ji.

Maman Posma mai kai albasa Medan ta bi 'yarta gidan tarihinku kallo. Ta ce tun daga ƙofa ta gane jan bakin Inang, domin tare suka rina zaren. Ta ce ta gan ka a tsaye kana goge gilashin da hannun riga, wani ya kira ka da sunan nan ka waiwaya. Ba ta gaishe ka ba, ta fito da baya. Ranar kasuwa ta faɗa wa mutum ɗaya, ka san sauran.

Lamria ta dawo daga kasuwa ba kwando. Ta same ni ina like kwalekwale, ta tsaya a kaina.

Ta ce, "Yaya, mantuwa ka ce."

Na ce, "Zauna tukuna."

"Ya yi masa kyau?"

"Wa?"

"Ɗan nasa. Mayafin ya yi masa kyau?"

Na ci gaba da likin. Ta ce, "Na san yana son ɗa. Ban san ya gaji da jiran nawa ba."

Tun ranar ba ta cin abin kirki. Ba ta kuka, da ma tana yi. Yaron da ke shuri har ana gani ta kan zane ya yi shiru. Ungozoma takan ɗora hannu ta daɗe tana jira kafin ta ce, "Ga shi nan, ya motsa." Jiya ta fi kullum daɗewa. Na je na ɗauko ma'aikaciyar jinyar mishan, ta saurara da ƙahonta ta ce zuciya na bugawa amma a raunane, uwar ta ci abinci, ta saki ranta. Ka zo ka gaya mata ta saki.

Ga saƙon Inang, kuma Amang yana zaune ta faɗa. Kada ka aiko da mayafin. Ya sha hawayen wancan, ba zai shigo gidan nan ba, ba zai taɓa jikin jariri ba. Ta ɗaura sabon zare, amma ta ce ko ta gama ba shi da amfani muddin wancan yana tsaye da na farko yana amsa sunan ɗanka. Abin da danginsa suka ƙi yi, kai da ka karɓe shi za ka yi. A kawo shi yadda yake, da mayafin a jikinsa, a kai shi tsakiyar tafki inda igiya ba ta taɓa ƙasa, ka sake shi da hannunka. Kafin naƙuda.

Na ce mata, "Inang, kayan mutane ne, za su kore shi, wataƙila su ɗaure shi."

Ta ce, "Na sani."

Ko ka yarda da zare ko ba ka yarda ba, Lamria ta yarda, kuma a jikinta yaron yake. Ka lura ban yi maka ba'a ko ɗaya ba a takardar nan. Na nema ban samu ba.

Marihot.

*

Medan, watan Yuni, 1956

Zuwa ga Lae na, Baban Tumpal.

Horas. Ina gaishe ku duka. Ka yi haƙuri da hannuna yau, alƙalamin ne ba shi da kyau.

Tuan ya dawo. Na sa rigata, na goge maɓallai, na shiga ofishinsa na faɗa masa komai a tsaye. Mutumin kirki ne, bai yi mini dariya ba sai kaɗan.

Ya ce, "Ashe haka ne? Ai da ka faɗa tun farko. Ga mabuɗi, je ka cire mayafinka, ka kai wa matarka da gaisuwata."

Na ce, "Tuan, ba mayafin suke so ba. Shi suke so."

"Su yi me da shi?"

"A nutsar."

Ya ajiye tabaransa a kan tebur. Ya ce, "Naibaho, irinsa nawa suka rage a duniya? Duk an jefa su a ruwa. Jikokinka za su tambaya yaya kakanninsu suka yi makoki, a nuna musu me? Kai da kanka ka faɗa mini haka."

Gaskiya ne, ni na faɗa masa, kuma har yanzu ban ga kuskure a maganar ba.

Sannan ya gaya mini abin da ya je yi. Za a yi babban baje kolin al'adu a Jakarta, an zaɓi ɗan katakon, kuma an ce a zo da mai jan igiyarsa. Ni ke nan. Za a buga sunana a takardar taron. Kafinta ya riga ya haɗa akwati, ni na kwantar da shi a ciki, na cusa masa ciyawa a gefe don kada ya bugu. Ban cire mayafin ba. Na riƙe gezar, sai na tuna Inang ta ce a bar shi yadda yake, kuma ban san wanne nake bi ba, ita ko Tuan. Jibi za a ba ni mota in raka akwatin tashar jirgin ruwa ta Belawan, ni kaɗai, domin Tuan ya ce babu wanda ya amince wa kamata.

Lae, ni ba ɓarawo ba ne. Mutumin nan ya same ni da tsintsiya ya mai da ni mutum. Idan na ci amanarsa saboda maganar da ban yarda da ita ba, me ya rage na ilimin? Idan kuma na hau jirgi, wani abu ya faru a bayana, da wace fuska zan sauka a Lontung? Na rubuta dalilan kowane gefe a zuciyata na auna, kullum na Tuan ke rinjaye. Sai in tuna tambayar da ƙanwarka ta yi maka, awon ya rushe.

Akwai kuma abin da nake jin kunyar rubutawa. Da na zo rufe akwatin, fuskarsa tana sama tana dubana. Na daɗe da murfin a hannu. Ban san yadda mutum zai tura wannan cikin ruwa ba.

Ku ci gaba da kiran ma'aikaciyar jinya. Ku ba ta romon kaza ko da cokali ne. Ka ce mata ban gaji ba. Ka faɗa mata daidai yadda na rubuta.

Naka,
Pandapotan.

*

Bakin ruwa, Parapat

Lae,

Gaisuwa. Ina hayinku. Na ce wa direban Tuan an sauya umarni, ya sauke ni da akwatin a tashar mota, na hau ta Gultom. Rigar aiki na bar ta a kan kujerar ofis.

Masu jirgi sun tambayi abin da ke cikin akwatin, na faɗa musu gaskiya. Babu wanda zai ɗauke mu. Masu talla sun janye kayansu daga inda nake. Mai kifin da zai kawo maka wannan takarda ma a ƙasa ya ce in ajiye masa.

Ɗazu wata mata 'yar Lontung ta sauko daga jirgi, ta gan ni, ta ɗora hannu a ka ta nufo ni tana cewa, "Ashe ba ka ji ba, tun jiya a gidan surukanka..." Na toshe kunnuwana na juya mata baya har ta tafi. Ban ga ko dariya ce a fuskarta ko kuka ba. Na kula ban duba ba.

Ka zo da kwalekwalenka da igiya da dutse mai nauyi. In hannuna ya ƙi, ka riƙe mini wuyan hannu, amma ni zan tura. Kada ka zo da kowa. Abin da ke gida, ko wane iri ne, kada ka faɗa mini, kada ka bari in gani a fuskarka, sai mun juyo.

Ina zaune a kan akwatin. Ba zan tashi ba sai na hango ka.

Pandapotan.